Ranar da Jif Ta Gurfana a Boko

Da asubar ranar wani ɗaurin aure a gidanmu, muna dawowa daga masallaci, muka iske yara sun yi dandazo a ƙofar gida. Tsakiyar hunturu ce, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, na ɗauka wuta suka hura. Ashe mota suke kallo. Jif ɗin da ɗan ƙanwata ya zo da ita daga Abuja a jajibiri, wadda ta shigo gari tana tafiyar ƙasaita, cikinta can sama har ɗan akuya na iya ratsawa ta ƙarƙashi, ita ce ta wayi gari a gurfane. Tayoyi sun shige cikin bodi, gindi ya kusa taɓa rairayi. Wani dattijo ya zagaya ta sau biyu, ya ce tun da ta yi gurfanen raƙumi, sai a kawo kaya a laɓta mata. Kowa ya yi dariya ban da mai motar, don ita aka shirya za ta ɗauko amarya.

Ya murza makulli. Daga can ƙarƙashi wani abu ya kama gurnani kamar injin markaɗe a bayan gari. Gaban motar ya ɗan ɗaga kamar za ta miƙe, sai gurnanin ya ɗauke, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari.

"Kawu, wallahi lafiya lau na ajiye ta," in ji shi.

Ban san me zan ce masa ba. Amma kukan nan ban jahilce shi ba. Kukan abin da aka toshe wa hanci ne, kuma na taɓa zama yaron da aikinsa ke nan, share wa mota hanci.

Baffana, ƙanen mahaifinmu, direba ne. A ƙarshen shekarun 1970 shi ke jan Land Rover ɗin wani attajiri mai sayen auduga da hatsi. Lokacin muna jihar Kaduna, ba a yanke mana Katsina ba sai 1987, Kusada da ƙauyukanta kuwa, har da garinmu Boko, duk Kankiya suke kallo, ita ce ƙaramar hukuma. Gyaɗa ta riga ta kwanta tun farin 1973 da cutar da ta bi gonaki a 1975, saboda haka mai saye sai ya shiga lungu da saƙo kafin ya tara abin kirki. Kwalta guda muka sani, wadda ta taso daga Kano ta bi Bichi da Tsanyawa, ta ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci ta shiga Katsina. Da ka sauka daga kanta sai burji, in burji ya ƙare sai turbar jakai.

Ni ɗan shekara 10, rabona a motar shi ne iyakilina, wato matatar iskar inji. Duk Juma'a da hantsi, kafin a yi haramar masallaci, Baffa zai kai ta gindin bedi ya ɗaga bonet. A gefen inji akwai wata tukunyar ƙarfe mai 'yan maƙalai. Ka ɓalle su, gindin ya rabu da sama. A gindin baƙin mai ne kwance, a saman kuma curin waya ne kamar soson ƙarfe. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Iskar da inji ke zuƙa sai ta gangara ƙasa, ta sha kwana a kan man, kafin ta hau. Iska na iya shan kwanar, ƙura mai nauyi ba ta iyawa, sai ta faɗa cikin mai. 'Yar wadda ta tsira kuwa, soson wayar da man ya jiƙa ya cafke ta. Nawa shi ne in zubar da tsohon man, in kankare lakar da ta daskare a gindi da tsinken kara, in ɗauraye da kananzir, in zuba sabo daidai layin da aka zana, kada ya wuce, kada ya gaza.

Kafin in zubar, sai Baffa ya kama yatsana ya dangwala cikin lakar.

"Murza ka ji. Wagga ja ɗin, burji ne, na kasuwar Caranci ran Lahadi. Wagga mai santsi kamar toka, hazo ne. Da ba su tsaya nan ba, cikin inji za su kwana, su ci ringi kamar gara."

Sai da na girma na karanta cewa mai santsin nan ta sha tafiya kafin ta iso tukunyarmu. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iskar arewa maso gabas ke kwasar ƙasa mai laushi tun daga Nuwamba har Maris tana watsa mana, ta hana jirage sauka a Kano, ta wuce ta tsallaka teku. Baffa bai taɓa jin sunan Bodele ba, yatsansa ne ya san ta.

Ƙafafun motar kuwa sifirin ne, fallayen ƙarfe jere kan juna, irin na a-kori-kura da gingimari. Ba ya shan iska, ba ruwansa da sanyi. In falle ɗaya ya karye a daji, a sassaƙa itace a cusa, a ɗaure da tsohon tib, a lallaɓa har gari. Kada dai a ɗauka kirarin da nake yi. Duk wanda ya zauna a bayan motocin wancan zamani a kan gargada ya san abin da hanjinsa ya gani. Wata damina naƙuda ta yi wa Innarmu tsawo, aka shimfiɗa mata katifa a bayan motar, mata biyu suka riƙe ta, Baffa ya ɗauki hanyar asibiti. Duk ramin da taya ta faɗa, sai an ji salatinta. Ba su kai kwalta ba ta sauka. Baffa ya tsaya gindin wata tsamiya, ya fita ya yi nisa cikin gonar mutane, yana tsaye cikin yayyafi har aka kira shi. Jaririyar nan ita ce ƙanwata, uwar mai jif. Shi kansa Baffa, bayan da yake dogarawa da sanda yau, sifirin ne ya lanƙwasa shi.

Daga baya Peugeot 404 da 504 suka cika hanya, musamman da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sannan motocin Japan, sannan 'yan Kwatano. Cikin wannan jerin gwano tukunyar mai ta ɓace, filtar takarda ta gaje ta. Takardar ta fi tacewa, babu gardama a nan. Illarta ba a wanke ta, sai dai a jefar a sayi sabuwa, mu kuwa ba mu saba jefar da abin da bai karye ba. Sai muka koyi kai ta wajen mai faci ya hure ta da iskar taya, wani lokaci har ya yaga ta ba a sani ba. Duk da haka ana ganin ta. Ka ɗaga bonet, ga ta nan, ta yi ja ko ba ta yi ba. Manyan motoci masu birkin iska su ma sun riƙe wani abu na tsohon horo: yaron mota, kafin a tashi da safe, zai durƙusa ya buɗe 'yar kafar da ke gindin tankin iska, ruwa ya feso. Tun can mun san iskar da aka matse tana haifar da ruwa, kuma ruwan sai an fitar da shi.

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne ranar da ƙaramar mota za ta tsaya kan iska ɗungurungum. Manyan bas-bas da tirelolin Turai sun daɗe da shi. A motocin shiga daji, Range Rover ta fito da nata a 1992, Discovery 3 ta 2004 ta zo da shi a ƙafa huɗu, haka Touareg da manyan jif-jif na Mercedes, wasu Prado da Lexus GX kuma a ƙafafun baya kawai. A gurbin sifirin, kowace ƙafa na da jakar roba mai kauri, kanikawanmu na ce mata balan-balan. Wani ɗan kwamfiresa mai aiki da batir ke zuƙo iska daga waje, ya matse ta har ta ninka ta cikin taya sau 4 ko fiye, ya tura ta tanki, daga can wasu ƙofofi masu buɗewa da lantarki su rarraba wa ƙafafun. Kowace ƙafa da ma'aunin tsayinta, kwamfutar mota na karantawa. Ka ɗora buhu a baya, ta ƙara iska ta daidaita. Ka zo bakin kwazazzabo, ka danna maɓalli, ta ƙara tsawo kamar santimita 5. Ka hau kwalta ka taka, ta sauko da kanta. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya yi tunani, kuma na tabbata ya taɓa jin ciwon baya.

To amma duk wannan ƙasaita ta hanci ɗaya take shaƙa.

Bakaniken da aka ɗauko daga Kankiya a kan babur yaro ne, bai wuce shekara 30 ba, a Kano ya koyi aiki. Yana sauka ya daka wa wani ɗan maƙwabta tsawa, wanda ya riga ya cusa kai ƙarƙashin motar yana leƙe. Ya ce motar da ke tsaye kan iska ba a shiga ƙarƙashinta sai an tokare ta, don tana iya sauka ba sallama. Aka sa jak, aka kawo kututture. Ya ce a dama masa ruwan sabulu, ya bi balan-balan ɗin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. A ta baya ta hagu, daidai inda robar ke naɗewa, kumfa ya fara tsirowa.

"Wannan ce ta kwantar da ita da dare," in ji shi. "Amma ba ita ta hana ta tashi ba."

Ya bi wani siririn tiyo da hannu, ya kwance murfin roba, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro wani abu da bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Ya ƙwanƙwasa shi a kan dutse, gari ya zubo. Ya kafa baki ya hura, kumatunsa suka kumbura, iska ta ƙi wucewa.

Yana aiki yana bayani, irin na wanda ya gaji da maimaitawa. Kwamfiresan nan ba ya shan mai kamar inji, ɗan fistan ɗinsa a bushe yake gudu, zobe ɗaya na roba mai santsi ke riƙe iskar. Kuma ba a yi shi don dogon aiki ba, na 'yan daƙiƙoƙi ne ya huta. In balan-balan na yoyo, hutun ya ƙare, kullum yana cike tulun da ya fashe. In ga shi kuma hanci a toshe, sai ya yi ta ja ba ya samu, ya ɗau zafi, ma'aunin zafi ya kashe shi kafin ya ƙone. Fitilar da muka gani ke nan. In kuwa filtar yagewa ta yi, ko tiyon ya tsage, to ƙurar ta samu ƙofa, ta shiga ta goge zoben nan kamar sanfefa. Bayan fistan akwai wani gwangwani cike da 'yan ƙwayoyi irin waɗanda ake samu a ƙulle cikin kwalin sabon takalmi, aikinsu shanye danshi. Duk sa'ad da mota ta sauko, busasshiyar iskar da ke fita ta kansu take bi, ta kwashe danshin ta yi waje da shi. Kwamfiresan da ba ya hutawa yana ɗura musu fiye da abin da suke iya fitarwa. Da damina sai su jiƙe, da tsufa su dagargaje su zama gari, garin da ruwan su bi tiyo su toshe ƙofofin rabon iska. Daga abin da bai kai kuɗin cika tankin mai ba, sai a wayi gari ana lissafin kuɗin sa.

Muna cikin haka Baffa ya fito, yana dogara sanda. Idonsa ya yi rauni, kunnensa garau. Ya ce a ba shi abin da ake ƙwanƙwasawa. Ya juya shi, ya kaɗa garin a tafin hannu, ya murza.

"Hazo ne," ya ce. "Ba na bana kaɗai ba. Wa ke wanke shi?"

Aka yi tsit.

"Kaka, ai ana yi mata sabis a kan kari," in ji mai motar.

"Ba sabis na tambaye ka ba, ɗan nema. Wa ke wanke shi?"

Bakaniken ya yi murmushi, ya ce, "Yallaɓai, gaskiyar Baba ce. Sabis ɗinmu juyen baƙin mai ne da filtarsa, in an yi ƙoƙari a duba ta inji. Wannan ko a cikin masu gyara ba kowa ya san tana nan ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan."

Tambayar Baffa ce ta hana ni barci daren nan, ba motar ba. Ƙurar dai ita ce ta jiya, daga inda take tasowa take tasowa. Abin da ya sauya shi ne a da tana da mai ita. Akwai yaro, akwai rana, akwai gindin bishiya, akwai babba da zai duba ko an yi. Mota na nuna dattinta a fili, ka taɓa shi da yatsa. Ta yau ta ɓoye komai bayan murfin roba, ta bar maka fitila guda, fitilar kuwa ba ta magana sai aikin gama ya gama. Wasu motocin kwamfiresan na ƙarƙashin bonet, wasu a ramin safaya, wasu a maƙale jikin shasi kusa da tayar baya inda laka ke fantsama, filtar kuma a wani lungu dabam. Wanda ya ƙera ya rubuta littafi, kuma littattafan motoci kan ce a ƙasa mai ƙura a riƙa duba matata akai-akai fiye da yadda aka tsara. Amma 'yar Kwatano da ta shekara 10 ko 15 a hannun wasu kafin ta tsallako teku, da wuya ta iso da littafinta. In ma ta iso da shi, wa ya karanta?

Yaron mota kuma ya bar ƙananan motoci. Wanda ya maye gurbinsa mai wankin mota ne, da injin feshinsa mai ƙarfi, wanda burinsa ya ga ƙarƙashin mota na ƙyalli. Shi bai san akwai wurin da bai kamata ya saita bakin tiyo ba. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya taɓa kama yatsansa ya dangwala a wani abu.

Abin da bakaniken ya ce a riƙa yi bai taka kara ya karya ba. A ciro filtar a farkon hunturu da ƙarshensa, da kuma duk lokacin da aka dawo daga doguwar tafiyar burji. In ta soso ce a wanke, a bar ta ta bushe ƙayau kafin a mayar, in ta takarda ce a sake. Ya ja kunne kada a kuskura a shafa mata mai irin na zamanin Baffa, don man zai bi iska ya ɓata ƙwayoyin shan danshi. Nan Baffa ya yi tsaki, ya ce yau ga motar da mai ke yi wa illa. Sauran aikin na kunne ne: da safe in ka tayar, saurari gurnanin. In jiya gajere ne yau ya yi tsawo, ko mota ta kwana ta karkace gefe guda, to ta fara faɗa maka ke nan tun fitila ba ta kama ba.

Da rana, bayan an shafa fatiha, abokan ango suka zauna kan tabarma aka buɗe mahawara. Mafi yawa suka ce a cire balan-balan ɗin gaba ɗaya a sa sifirin mai murɗi, a huta. Haka ake yi, har akwai ɗan akwatin da ake haɗawa ya rufe wa kwamfutar baki kada ta yi ta kunna fitila. Tirelolin da ke zuwa da balan-balan su ma sau da yawa sifirin ake mayar musu, saboda lodin da muke ɗora musu. Ni ban raina wannan shawara ba. Mutumin da harkarsa ke tsakanin ƙauyukan Kusada da Ingawa, nesa da mai na'urar gwaji, yana da hujjar zaɓar ƙarfen da maƙeri zai iya lallaɓawa. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin waɗanda suka cire ba zaɓa suka yi ba, kai su aka yi bango. An sayi mota da tsada saboda taushinta, an bar ta ta shaƙe, sannan a ce ai irin waɗannan ba su dace da ƙasarmu ba. Wataƙila ba su dace ba. Amma ba a yi musu shari'ar adalci ba, tun da ba wanda ya taɓa share musu hanci.

Amarya dai a Golf ɗin maƙwabci aka kawo ta, da buɗa da komai, ba abin da ya ragu. Mai jif ya ƙi shawarar cirewa. Bakaniken ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, bayan kwana 2 ya dawo da balan-balan guda, da zoben fistan, da ƙwayoyin shan danshi, da sabuwar filta. Kafin la'asar mota ta miƙe, gurnanin 'yan daƙiƙoƙi ta yi ta yi shiru.

Aka ce Baffa ya zo a zaga da shi. Ya ce shi ba ya iya hawa wannan doguwa. Jikan ya danna maɓalli, motar ta yi ajiyar zuciya ta durƙusa masa, wannan karon da gangan. Ya shiga ba tare da an tallafe shi ba. Muka fita bayan gari, muka bi turbar gonaki inda karan dawa ke tsaye a bushe, ramuka da gargada na wucewa ƙarƙashinmu kamar a mafarki. Tsohon bai ce uffan ba, hannunsa na kan gwiwa. Sai da muka yi nisa ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Da wagga muka samu ran da aka haifi uwarka, da mun kai asibiti."

Da muka dawo ta sake durƙusawa ya sauka. Ya dafa ƙofa, ya tambayi yaron yaushe zai koma Abuja. Ya ce Asabar.

"To, Juma'a da hantsi ka kawo ta gindin bedi," in ji Baffa. "Ka taho da sukundireba."